BANGON MAKARANTA NA WANE NE?

Karatu: Matta 22:15-22, Kubawar Shari'a 6:4-9, Daniyel sura 1.

Kowane mai-bi wanda ya ke da yaro a makarantar gwamnati a Gusau, ko a Tsafe, ko a Bungudu, ya san maganar da za mu yi cikin wannan wata. Da safe uwa ta kan yi wa yaro addu'a cikin sunan Yesu ta sallame shi. Sa'anda ya isa makaranta a kan buɗe taron safe da addu'a wadda ba irin ta gidansu ba ce. Ya shiga aji, ya ga rubutun addinin maƙwabtansa a kan allo ko a bango. In lokacin darasin addini ya yi, sau da yawa babu malamin da zai koya masa Littafi Mai-Tsarki, sai dai ya zauna ya ji na waɗansu, ko kuwa ya fita ya jira a gindin darbejiya. Iyaye su kan kawo wannan kuka wurin fasto da dattawa. Waɗansu su ce, to, mu ma sai mu nemi a kafa mana gicciye, a rubuta mana ayoyinmu a bango. Waɗansu kuma su ce a yi shiru kurum, gama zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kafin mu bi ɗaya daga cikinsu, ya kamata mu tambayi Maganar Allah.

Ku tuna ranar da Farisawa suka haɗa kai da mutanen Hirudus domin su kama Ubangijinmu da magana. Waɗannan ba abokan juna ba ne. Farisawa suna ƙin mulkin Romawa, mutanen Hirudus kuwa a inuwar Romawa su ke ci. Suka tambaye shi ko ya halatta a biya wa Kaisar haraji. In ya ce i, jama'a su ƙi shi. In ya ce a'a, a kai ƙararsa wurin gwamna. Yesu ya sa aka kawo masa dinari, ya tambaye su hoton wa da sunan wa ke bisansa. Suka amsa na Kaisar ne. Sai ya nuna musu cewa sarkin da ya buga kuɗin yana da hakkin a mayar masa da kayansa, amma akwai wani abu dabam wanda Allah ne ya buga masa hatimi, wannan kuwa ba a kai shi baitulmalin kowane sarki.

Mene ne wannan abu? Ku duba Farawa sura ta fari. Mutum shi ne a ka yi cikin surar Allah. Yaron nan naka da ya rataya jaka ya tafi makaranta, hatimin Allah ne a kansa. Haka kuma ɗiyar maƙwabcinka Musulmi da ta ke zaune benci ɗaya da shi. Ginin makaranta na gwamnati ne, da benci, da alli, da albashin malami. Da harajin jama'a duka a ka yi su, na Musulmi da na Krista da na wanda ba ya bin ko ɗaya. Gwamnati tana da iko ta ce a zo ƙarfe takwas, a sa riga iri kaza, a koyi lissafi da Turanci, mu kuwa wajib ne mu yi biyayya, kamar yadda Manzo Bulus ya koya cikin Romawa sura 13. Amma lamirin yaro ba ya cikin kayan da a ka danƙa wa gwamnati. Wanda zai yi wa sujada, da sunan da zai kira cikin addu'a, wannan tsakaninsa ne da Mahaliccinsa, da iyayen da Allah ya ba amanarsa.

Mu da mu ke zaune a ƙasar Zamfara ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin tarihin ekklesiyarmu ya koya mana. A watan Maris na 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulmi ba. Talakawa suna kiran wannan mulki mulkin Nasara, suna tsammani shi da mishan abu ɗaya ne. Amma wannan gwamnatin ce ta yi shekaru masu yawa tana hana masu-bishara zama cikin garuruwan sarakuna. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Gusau daga Zariya wajen 1929, ta kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, waɗansunsu masu-bi ne, su ka soma taruwa ran Lahadi a Sabon Gari. Sai cikin shekarun 1930 a ka buɗe wa mishan ƙofa kaɗan a lardin Sakkwato, yawanci ta wurin jiyyar kutare da ba da magani. Waɗanda su ka fara ba da gaskiya a ƙauyukan wannan ƙasa ba su ga gicciye a bangon ofishin Razdan ba, ba kuma En'e ce ta koya musu karatun Littafi ba. A zaure su ka koya, da fitilar kananzir, daga bakin mai-bishara wanda ba shi da ko keke. Ekklesiyar da ta tsiro haka, me ya sa yau za ta ga kamar ba za ta rayu ba sai gwamnati ta ara mata bango?

Sa'anda mulkin kai ya matso, ƙananan kabilu da masu-bi na Arewa su ka ji tsoro. A 1957 a ka naɗa hukumar bincike ƙarƙashin wani Bature, Sir Henry Willink, ta zaga ƙasa ta ji kukansu. Cikin rahotonta na 1958 ta ba da shawara a rubuta hakkokin ɗan Adam cikin tsarin mulki, har da 'yancin addini, a ka kuwa rubuta su cikin na 1960. Wannan gado ya iso har tsarin mulki na 1999. Akwai sassa biyu da ya kamata kowane dattijon ekklesiya ya sani kamar yadda ya san hanyar gonarsa. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya da ta kowace jiha ɗaukar wani addini ya zama addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin bin addinin da ya ga dama, da sake shi, da bayyana shi a fili ko a ɓoye. Sakin layi na biyu na wannan sashe a kan makaranta ya ke magana kai tsaye: ba za a tilasta wa ɗalibi ya karɓi koyarwar addini, ko ya shiga wata hidimar addini, in ba addininsa ba ne, ko kuwa iyayensa ba su yarda da shi ba. Sakin layi na uku kuma ya ba kowace jama'ar addini ikon koya wa 'ya'yanta addininta cikin makarantar da ita kaɗai ke ɗauke da nauyinta.

An yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996. Ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmed Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a gaban taro mai-girma a Gusau, ta fara aiki ran 27 ga Janairu 2000, daga baya jihohin da su ka bi wannan hanya su ka kai 12. Gwamnatin ta ce dokar ta Musulmi ce, ba za a hukunta Krista da ita ba. Ko wannan ya saɓa wa sashe na 10 ko bai saɓa ba, lauyoyi sun daɗe suna gardama, ba kuwa aikin wannan shafi ba ne ya raba su. Abin da ya shafe mu shi ne, babu wata dokar jiha da ta soke sashe na 38. Yana nan da ƙarfinsa a makarantar firamare ta Kwatarkwashi kamar yadda ya ke a Ikko ko Inugu. Uban da ya je wurin hedimasta ya ce, don Allah a bar ɗana ya tsaya gefe lokacin wannan addu'a, hakkinsa ne ya ke nema, hakkin da dokar ƙasa ta rubuta masa tun kafin a haifi hedimastan.

To, amma yanzu zan faɗi wata magana wadda mai yiwuwa ba za ta yi wa waɗansunmu daɗi ba.

Mun iya karanta waɗannan sassa sarai a inda mu ke kaɗan. Yaya mu ke karanta su a inda mu ke da yawa? A watan Yuni na 2016 wata kotu a Jihar Osun ta ce 'yan mata Musulmi suna da iko su sa hijabi a makarantun gwamnati. Bayan 'yan kwanaki a ka ga waɗansu yara masu-bi sun zo makarantar sakandaren Baptis ta garin Iwo saye da rigunan mawaƙan ekklesiya, manyansu ne su ka sa su. A farkon 2021 Gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 a Ilorin saboda rigimar hijabi, makarantu ne waɗanda mishan ta kafa tun dā amma gwamnati ke biyan malamansu. Ranar da a ka ce a buɗe, a ka yi jifa da duwatsu a bakin ƙofa, Musulmi da Krista, yara suna kallo. A Ikko ƙarar hijabi ta yi shekaru tana hawa daga kotu zuwa kotu, har ran 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 5 cikin 7 su ka ce hana yarinya sa hijabinta a makarantar gwamnati tauye mata hakki ne. Da wane sashe su ka yi hukuncin? Da sashe na 38, shi ɗin da mu ke riƙe da shi a nan.

Na san amsar 'yan'uwanmu na can: iyayenmu ne su ka gina makarantun nan da guminsu. Gaskiya ne, abin baƙin ciki ne kuwa yadda gwamnatocin soja su ka karɓe makarantun mishan cikin shekarun 1970, da yawa ba su ƙara komawa yadda su ke ba. Duk wanda ya nemi a mayar da su ga masu su, ta hanyar doka, yana da hujja. Amma muddin gwamnati ce ke biyan albashi, tana kuma tura 'ya'yan kowa da kowa can, to, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Rigar mawaƙa kuwa an keɓe ta ne domin yabon Allah. Wanda ya sa wa yaro ita domin ya tsokani maƙwabci, ya mai da kayan haikali sandan faɗa. Ubangiji ya gargaɗe mu cikin Matta sura 7 a kan mudun awo. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Tsafe ya san sunan da a ke kiran mutumin da ke da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. In muna so a bar ɗiyarmu a Bungudu ta ɗaura ɗankwalinta yadda uwarta ta koya mata, kada a tilasta mata tufar da ba ta addininta ba, to, sai mu so wa ɗiyar Musulmi a Ilorin irin wannan.

A nan akwai bambanci wanda in mun riƙe shi zai raba mu da ruɗewa mai-yawa. Abin da yaro ya sa a jikinsa, ko ya ɗauka cikin jakarsa, muryar yaron ce. Hijabin Musulma, da ƙaramin gicciye a wuyan mai-bi, da Sabon Alkawari cikin aljihu, duk shaida ce ta mai su, ba wanda su ka tilasta wa kome. Haka nan ƙungiyoyin da ɗalibai su ke shiga da son ransu, kamar ƙungiyar ɗalibai Musulmi da a ka kafa a Ikko a 1954, da zumuntar ɗalibai Krista, wato FCS, da ta fara a Gindiri a 1957. A bar kowace ta yi taronta. Amma abin da hukuma ta kafa a bango da umurni, da addu'ar da hedimasta ya ce kowa sai ya buɗe baki ya maimaita, wannan muryar Kaisar ce. Yaro ɗan shekara 7 ba ya iya gardama da bango. Abin da ya ke karantawa a nan, ko ba a rubuta ba, shi ne: makarantar nan ta waɗansu ce, kai baƙo ne.

Waɗansu 'yan'uwa sun ji labarin Amurka sun yi murna. A 2024 Jihar Luwiziyana ta yi doka cewa a kafa Dokoki Goma a kowane aji na makarantun gwamnati, a 2025 Jihar Teksas ta yi irinta, nan da nan kuwa a ka kai ƙara kotu. Tun 1980 Kotun Ƙolin ƙasar ta taɓa soke irin wannan doka ta Jihar Kentaki. Cikin waɗanda su ka kai ƙarar har da iyaye masu-bi da fastoci. Kada wannan ya ba ku mamaki. Maganar raba ekklesiya da gwamnati a can, masu-bi waɗanda su ka sha tsanani suna cikin waɗanda su ka fara ta. Wani mai-wa'azi, Roger Williams, 'yan'uwansa Krista masu riƙe da mulki su ka kore shi saboda koyarwarsa, ya tafi ya kafa garin Providence a 1636, inda ba a hukunta kowa domin addininsa. 'Yan Baptis na wancan zamani an yi musu bulala, an ɗaure su, domin sun yi wa'azi ba da izinin ekklesiyar gwamnati ba. Ga waɗansu 'yan Baptis na baya ne Shugaba Jefferson ya rubuta wasiƙa a 1802 inda ya kwatanta wannan rabuwa da katanga. Sun ɗanɗana sun sani: sarkin da ya ɗauki addininka ya rungume yau, gobe shi zai gaya maka yadda za ka yi shi. Ku duba ma Dokoki Goma ɗin. Yadda 'yan Katolika su ke lissafa su dabam ne da yadda mu ke lissafawa, na Yahudawa kuma dabam. Ran da gwamna ya ce a kafa su, dole ya zaɓi na wa za a kafa, ya zama ke nan ɗan siyasa yana yanke hukunci kan Fitowa sura 20.

Faransa kuwa ta bi wata hanya: a 2004 ta hana ɗalibai sa kowace babbar alamar addini a makarantun gwamnati, ko hijabi, ko babban gicciye, ko hular Yahudawa. Wannan ma ba abin da mu ke nema ba ne, gama a nan Kaisar ya bar bango ya kai hannu jikin yaron.

Me ya sa zuciyarmu ta ke marmarin alama a bango haka? Ina tsammani ciwon nan tsoho ne. Cikin 1 Sama'ila sura 4, Filistiyawa su ka ci Isra'ila da yaƙi. Dattawa ba su tambayi kansu ko akwai zunubi a cikinsu ba. Su ka aika Shilo a kawo akwatin alkawari, 'ya'yan Eli biyu, Hofni da Finehas, mutanen banza, su ka rako shi. Rundunar ta yi sowa har ƙasa ta girgiza. Kun san ƙarshen labarin: a ka kashe mutum 30,000, a ka ƙwace akwatin, Eli ya faɗi daga kujera wuyansa ya karye. Sun mai da abu mai-tsarki ya zama laya. Mu da kakanninmu su ka ƙone layunsu da gurayensu ranar da su ka karɓi Yesu, kada mu koma mu ɗinka sabuwar laya mu rataya wa makaranta. Ayar da a ka rubuta da fenti ba ta taɓa hana malami cin hanci ba, ba ta kuma hana yaro satar amsa.

Allah kuwa ya riga ya faɗi inda ya ke so a rubuta maganarsa. Ku buɗe Kubawar Shari'a sura 6, ku karanta da kanku daga aya 4 zuwa 9. Da fari ya ce ta zauna cikin zuciyar iyaye. Sa'annan su koya wa 'ya'yansu, a zaune cikin gida, da tafe a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Daga ƙarshe ya ambaci rubutu, wurin da ya nuna kuwa shi ne dogaran ƙofar gidanka da ƙofofinka. Ka lura, gidanka ya ce. Mutum nawa cikinmu su ke kuka babu aya a bangon makaranta, alhali Littafin da ke ɗakinsu ƙura ta rufe shi, ba a buɗe shi sai ran Lahadi? An ba mu Littafi Mai-Tsarki duka cikin Hausa tun 1932, a ka sake fassara shi domin ya ƙara sauƙi, yau har cikin wayar hannu yana nan. Babu gwamnan da ya hana ka tara iyalinka bayan tuwon dare. In yaro ya kai aji shida bai san labarin Yusufu ba, bai iya addu'ar Ubangiji ba, kada uban ya ce laifin Ma'aikatar Ilimi ne.

Ku dubi Daniyel da abokansa uku. Samari ne a ka kwashe zuwa Babila, a ka sa su makarantar sarki shekara 3 su koyi harshe da littattafan Kaldiyawa. Babu makarantar gwamnati a Zamfara da ta kai wannan tsanani. A ka sake musu sunaye, a ka ba su waɗanda su ke ɗauke da sunayen gumaka. Kowane bango na birnin nan cike ya ke da siffofin allolin Babila. Ba mu karanta cewa Daniyel ya nemi a kankare su ba, ko a kafa allunan Musa kusa da su. Ya yi karatunsa, har sarki ya same su sun fi masanan ƙasar nesa ba kusa ba. Amma da a ka zo kan abin da zai shiga bakinsa ya ƙazantar da shi, sai ya tsaya. Ku lura da yadda ya tsaya ɗin: ya je wurin shugaba da ladabi ya roƙa, ya kawo shawara a gwada su kwana 10 da ganye da ruwa. Da a ka kafa gunki a filin Dura a ka ce kowa ya rusuna, abokansa ba su tafi da gatari su sare shi ba, su ka ƙi rusunawa kurum, su ka yarda da tanderu. Wa ya koya wa samarin nan inda iyaka ta ke? Babu limamin Yahudawa a makarantar Nebukadnezzar. Abin da su ka tsaya a kai, daga gida su ka zo da shi, kamar yadda Timoti ya samu nasa wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki.

Saboda haka ka koya wa ɗanka ya san abin da zai yi da abin da ba zai yi ba. Ya gai da malaminsa da ladabi, ya tsaya shiru sa'anda abokansa su ke addu'arsu, kada ya yi dariya, kada ya yi ba'a, kada ya taɓa littafinsu da reni, kada kuma ya shiga gardamar addini a aji ko cikin waya. Wannan gargaɗi ba na wasa ba ne. Mun tuna abin da ya faru a Talata Mafara a watan Agusta na 2016, inda zargin saɓo a kan wani ɗalibi ya jawo a ka ƙone gida, mutum 8 su ka mutu. Amma in an ce ya furta da bakinsa abin da bai gaskata ba, sai ya ce da tawali'u, Malam, a gafarce ni, ni Krista ne, ya zo gida ya faɗa wa iyayensa.

Iyaye kuma kada ku bar yaro ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa. Uban ya tafi da kansa, da dattijo ɗaya ko biyu, ya ga hedimasta cikin ofis, ba a gaban ɗalibai ba. Da yawa cikin malaman nan mutanen kirki ne, waɗansunsu ba su taɓa lura akwai yaro mai-bi cikin ajin ba sai an gaya musu, da yawanmu kuma a hannun malamai Musulmi mu ka iya karatu. In magana ba ta ƙare a nan ba, a rubuta takarda zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a ambaci sashe na 38, a ajiye kwafi, a sanar da shugabannin CAN na jiha. Ku riƙa zuwa taron iyaye da malamai. Wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ran gyaran rufin aji ba, da wuya a saurare shi ran da ya zo da ƙara.

Tun da na ambaci rufi, bari in ƙara wannan. Akwai makarantu cikin ƙauyukanmu inda gardamar abin da za a kafa a bango ba ta taso ba, domin bangon kansa ya faɗi. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga su ka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Ran 1 ga Satumba na shekarar su ka ɗauki ɗalibai fiye da 70 a Kaya cikin ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. A Satumba na 2023 su ka shiga gidajen ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Yawancin yaran nan 'ya'yan Musulmi ne, hawayen iyayensu kuwa irin namu ne. Annabi Irmiya, cikin sura 29, ya umurci kamammu su nemi lafiyar birnin da su ke zaune ciki, su yi masa addu'a. Ran da maƙwabtanmu su ka ga muna tsaye tare da su wajen neman tsaro, da malamai, da alli domin 'ya'yan kowa, za su fi jin maganarmu sa'anda mu ka zo kan hakkin namu.

Saura magana ɗaya, ta malaman darasin addinin Krista. A 2017 a ka yi ta ce-ce-ku-ce cikin ƙasa domin an haɗa darussan addini da waɗansu ƙarƙashin suna ɗaya, har gwamnatin tarayya ta ba da umurni a raba su, kowane ya tsaya da kansa. Darasin yana cikin tsarin karatu na ƙasa, inda a ke koyar da na Musulunci da kuɗin jama'a kuwa, daidai ne mu nemi a koyar da namu ga 'ya'yanmu. Amma in hukuma ta ce, to, ku kawo mai takardar shaidar malanta, wa za mu kai? Samarinmu da 'yan matanmu duk sun fi son aikin ofis ko na asibiti. Bari kowace ekklesiya, daga Gusau har Tsafe da Bungudu, ta zauna kafin a koma hutu ta rubuta sunayen 'ya'yanta, da makarantar da kowane ke zuwa, da ko akwai mai koya masa Littafi a can ko babu. Inda babu, a shirya aji ran Asabar a majami'a, Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi su taimaka. Sa'annan a zaɓi yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai-hankali, ekklesiya ta haɗa kuɗi ta aika shi kwalejin horon malamai, da sharaɗin zai komo gida ya koyar.